Rasuwar Ba Shikulu, Akwatin Wayfai na Gidan Bana Chilufya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya gaji da jiran fitilar da ba za ta sake kamawa ba, Bana Chilufya, wato Maman Chilufya, ta unguwar Chawama a Lusaka tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar akwatin wayfai mai raba intanet na gidanta. 'Yan haya na kiransa Ba Shikulu, wato Kaka ("Ba" lakabin girmamawa ne a can), don shi kaɗai ya samu wurin zama a saman kabad, kusa da hoton marigayi mai gidan.

Mamacin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar yadda lambar sirrinsa ta tsallake katanga ta isa shagon aski ba. In an ɗauke wuta ya yi shiru, in an dawo da ita ya yi ɗan "ƙiii" ɗinsa, ya buɗe koren ido. Babban aikinsa na ranar Lahadi ne. Bayan an taso daga coci, shi ke kawo wa tsohuwar fuskar 'yarta Chilufya, mai aikin jinya a ƙasar waje, da jikan da ba ta taɓa goyawa ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga yawan jama'a. Masu kallon ƙwallo na ja, masu fim na ja, har hoton jikan ya riƙa zuwa a yayyage. Sai Ba Kasonde, malamin makaranta da ke haya a ɗakin ƙarshe, ya ce, "Mama, bar ni da shi, yau zan koya wa gidan nan ladabi." Ya tsuke wa kowa rabonsa, ya toshe ƙofofin da ake sauko da fim ta cikinsu, ya kulle da sabuwar lamba. Nufinsa alheri ne, Allah ya gani. Sai dai cikin ƙofofin da ya toshe har da wadda kiran Lahadi ke bi, kiran ya koma ɗingishi ta ɓarauniyar hanya. A makon nan kuma aka mayar da malamin wani ƙauye a lardin Luapula inda waya ba ta shiga, ya tafi da lambar a kansa.

Bana Chilufya ta yi jinya iyakar saninta. Ta kashe, ta kunna, ta juya masa ƙahonni gabas. Da sanyin Yuni ya shigo, don a can lokacin ne hunturu, ta ce, "Ayya bawan Allah, ashe sanyi ke damunka." Ta lulluɓe shi da saƙar hannu irin ta kan talabijin, ta ƙara da zanenta na atamfar chitenge ninki biyu. Ran Lahadi jikan ya saki kujera, ya ɗaga ƙafa zai yi takunsa na farko, sai hoton ya tsaya cak. Can aka ji ƙauri.

Ya rasu ya bar wayoyin gidan kaf a marayu, da talabijin ɗaya, da mai aski da har yanzu ke musun ya san shi. Ya kuma bar tsohuwa tana ta tambayar me ta rage shi da shi, ba wanda ke da zuciyar gaya mata cewa zafin lulluɓin ne ya ƙarasa shi.

Za a fitar da kujeru tsakar gida kamar yadda aka saba, maza a waje gefen gawayi, mata a ciki kan tabarma. Akwai nshima, wato tuwon masara, da wake. Za a binne shi a durowar ƙasa, kusa da rediyon mai gidan, cikin zanen da ya rasu a ciki.

Ba a buƙatar furanni. Wanda ke da data a wayarsa, don Allah ya zo ran Lahadi bayan coci ya zauna kusa da ita. A wurin Bana Chilufya, ƙafar yaron nan har yanzu tana sama.