Aƙilu Ya Nemo Sunansa a Shafin Jarida

"Ranka ya daɗe, ni kwamfuta tsorona take ji. In na zauna gabanta, kafin in danna ta amsa. Sunana kuwa kullum sai jarida ta buga shi."

Mai wannan cika-baki shi ne Aƙilu na Gawuna, ɗan takarar kansila da bai taɓa cin ko zaɓen monita ba. Ya je Nasarawa GRA ne gidan Alhaji Mahmudu, jigon jam'iyya, wanda in ya ɗaga hannunka ka gama cin zaɓen fid da gwani.

Alhaji ya ce, "Abin ya zo da sauƙi. Nafisa, miƙo masa kwamfutarki ya nuna mana."

Nafisa 'yar Alhaji ce, lauya. Ta buɗe shafin wata jaridar Hausa, ta nuna masa gurbin bincike. Gogan naka ya naɗe hannun riga, ya kafa yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar gero. Sai da shayin Alhaji ya huce kafin ya gama rubuta: "Assalamu alaikum, don Allah a nemo min Honarabul Alhaji Dakta Aƙilu, Garkuwan Matasan Gawuna."

Shafi ya ce ba a samu komai ba.

"Aikin 'yan adawa ne!" in ji Aƙilu.

Nafisa ta ce, "Malam Aƙilu, kalmomin da ke cikin labarin kaɗai yake nema. Cire sallamar."

"In shiga wuri ba sallama? A Kanon shari'a?"

Ya cire dai yana ƙunƙuni. Babu. Ya cire Honarabul. Babu. Dakta ta bi, dama ba a san asibitinta ba. Da aka zo kan Garkuwa har da gumi, kai ka ce haƙori ake cire masa. Aka bar shi tsurarsa: Aƙilu Gawuna.

Sai ga labari ɗaya ya fito.

Zo ka ga tsalle! Ko kallon rubutun bai yi ba, ya juya kwamfutar wajen Alhaji. "Ranka ya daɗe, karanta da ƙarfi, har maigadi ya ji!"

Alhaji ya gyara tabarau. "'Yan Hisba sun kama wani mai suna Aƙilu Gawuna yana cin gurasa da tsire da rana tsaka a watan azumi, a bayan wani gareji a Tudun Murtala."

Kukun gidan da ya shigo ɗaukar kofuna ya tsaya cak.

"Takwara ne," in ji Aƙilu. "Mu Aƙilu yawa ne da mu a Gawuna."

Nafisa ta danna kan labarin. Hoto ya cika fuskar kwamfutar: ga mutumin naka a durƙushe, kumatu fam, ƙuli-ƙuli har gemu, ya rungume ƙunshin tsire kamar jariri.

Aƙilu ya ce, "Allah gafarta Alhaji, ai shari'a ta yi wa matafiyi rangwame. Ranar tafiya ce ta kama ni."

Alhaji ya cire tabarau, ya dube shi sama da ƙasa.

"Daga Gawuna zuwa Tudun Murtala, duk a nan cikin Kano? Sannu da hanya. Nafisa, a rako matafiyi bakin ƙofa, kada dare ya yi masa."