Ranar Da Na Wanke Tashar Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da wankin da na yi a Lyon ba. Ko na so in manta ma, Kawu Sale ba zai bari ba.

Lokacin na zo karatu daga Maradi, ban samu ɗaki ba tukuna, sai na sauka gidansa a unguwar Minguettes. Abokin babana ne, ya yi aikin gyaran jiragen ƙasa har ya yi ritaya. A ɗakin da nake kwana akwai wani babban tebur da ya shimfiɗa wa ɗan siririn layin dogo, ga gidaje, ga itatuwa, ga mutane waɗanda ba su fi ƙwayar gyaɗa ba.

Na tarar ya sayo sabuwar tasha a kwali, gutsi-gutsin roba. Tare muka haɗa ta. Shi yana yankewa yana gogewa, ni ina riƙe bango har gam ya kama (sau ɗaya na manne taga a yatsana, amma wannan ƙaramin abu ne). Ta fito fes, farin bango, jan rufi. Daga nan karatu ya riƙe ni. Sai dai in dawo in gan shi duƙe a kanta da tabarau. Ya ce za su kai ta nuni a ƙungiyarsu ta masu irin wannan sha'awa.

Ana saura mako guda a yi nunin, suka tafi bikin suna a garin Stains shi da matarsa Hajiya Mariya. Na zauna ni kaɗai, na ƙare wa tashar kallo. Bango ya yi baƙi, rufi duk toka, tsatsa ta gangaro daga bututun ruwa. Tausayi ya kama ni. Na ce idon tsoho ya raunana, ga shi zai kai ƙazanta gaban Turawa, ni kuwa ina cin tuwonsa ina kallo.

Na ɗauko burushin haƙorana da sabulu. Inda ya ƙi fita, na sa alkol na goge ciwo. Wallahi har gumi na yi.

Suna shigowa, ko ruwa ban bari sun sha ba.

"Kawu, zo ka ga abin da na yi maka."

Ya tsaya a bakin tebur. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ɗana, ina hayaƙina?"

"Na wanke shi, Kawu."

"Tsatsar fa?"

"Ai ita ta fi ba ni wahala."

Hajiya ta toshe baki da gyale ta nufi kicin. Daga can muka jiyo dariyarta.

A hankali ya yi mini bayani. Dattin nan shi ya sa shi da hannunsa, makonni yana yi. Niƙaƙƙen alli ne da tsinkakken fenti, yana ɗorawa kaɗan-kaɗan, don tashar ta yi kama da wadda jiragen gawayi suka daɗe suna wucewa ta gabanta. In ta yi fes, ta koma abin wasan yara. Ni dai ina tsaye da murmushina, ya bushe a fuska.

Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini siririn burushi ya ce, "Wanda ya wanke shi zai ɓata." Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar, yana nuna mini inda ruwan sama ke bi, da inda hayaƙi ke kwanciya.

Ranar nuni ta fito ba laifi. Amma duk wanda ya tsaya a teburinmu sai Kawu ya dafa kafaɗata ya ba shi labari da Faransanci, tun daga burushin haƙora. Wani tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura in zo gidansa.

Tun daga lokacin, ko ƙura na gani a motar mutum sai na tambaya ko shi ya sa ta. Matata dai ta ce hujjar ƙin wanke-wanke kawai na samu.