Yadda Ake Shigo da Libarbar Rasha ta Bakwai Ba Tare da Uwargida Ta Sani Ba

Kai mai ƙulafucin tsohuwar libarbar sojan Rasha, matso kusa. Wannan hanya tabbas ce, duk gabashin jihar Kentucky ta Amurka an shaida ta. Da ita maƙwabcina Delbert Sizemore ya tara guda shida, har matarsa Lurleen ta tsaya a bakin gareji ta ce, "Delbert, ranar da ta bakwai ta shigo gidan nan, ranar zan koma wajen yayata a Ohio." Shekararsu talatin da ɗaya da aure, kuma Lurleen ba ta magana biyu. Ga yadda ya shigo da ta bakwai.

1. Ka ce kallo kawai za ka

Faɗi haka da ƙarfi kafin ka tafi kasuwar bindiga. Can za ka same su jibge a tebur, dala tamanin tamanin, har da kube kyauta. Mai sayarwa zai ce, "Mutumina, wannan da idonta ta ga yaƙin duniya." Kar ka tambaya ko harbinta ya taɓa samun wani abu. Delbert na ganin tambarin 1943 ya zaro kuɗi ya biya. (Masana sun tabbatar abu mai araha haka ba sayensa ake yi ba, cetonsa ake yi.)

2. Ka saje ta da 'yan'uwanta

Kamarsu ɗaya, muninsu ɗaya. Bar ta kwana uku ƙarƙashin kujerar mota, sannan ka jera ta a sahu. In an tambaya ka ce, "Wacce? Wannan? Haba, ai ta girmi firjinmu a gidan nan."

3. Ka narkar da giris

Rashawa sun dulmuya ta a giris tun ba a haife ka ba, tsumma ba ya iya masa. Da rani a baƙar leda ake sa ta a shanya. To Nuwamba ne, ina ka ga rana? Jira uwargida ta tafi coci koyon waƙa, ka zura ƙarfen a tandar gashinta. Zai ɗiga. Goge wanda ido ya gani, sauran ka bar wa Allah. Delbert har albasa ya soya don ta danne warin, yana ta yaba wayonsa.

4. Ka harba

Kunamarta tauri gare ta, sai da yatsa biyu, harshe a waje. Harbi bakwai, gwangwanin da ka auna ko gezau. Kafin ka gama zunguro kwanson harsashi ɗaya bayan ɗaya, abokanka sun kai gida sun ci abinci. Ka ɗaga kai ka ce, "Mu tarihi muke harbawa."

5. Ka zauna cin talotalon Bikin Godiya

Ranar wannan biki na Amurkawa, Lurleen ta gasa shi awa huɗu a tandar nan, iyayenta suka zo. Tsoho Hoyt, babanta, ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya shinshina, fuskarsa ta washe.

"Delbert! Ja'iri, ka samo sabuwa! Mai tambarin tauraro ce ko mai kibiya?"

"Baba, ga dankali," in ji Delbert.

"Rabu da ni da dankali, warin girisin nan ko a kabari na san shi. Amma ɗana, wa ke sawa a tanda? Ni a injin wanke kwanukan uwarta nake sa nawa, duk ranar da ta je ganin likita."

Tsohuwa ta ajiye cokali a hankali. "Naka guda nawa, Hoyt?"

Lurleen ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta, ta tashi, ta kashe tanda. Kafin la'asar uwa da 'ya sun kama hanyar Ohio a mota ɗaya.

Hattara

Ni dai matakai na bayar, abin da ya biyo baya ba ruwana. Na ce za ta shigo, kuma ta shigo, ban ce wa zai fita ba. Kar a kawo min ƙara, kar a turo min suruki. Delbert ya loda duka bakwai ɗin ya mayar kasuwa ko Lurleen za ta ji ta huce, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Mai sayarwar nan ya leƙa jakar ya ce, "Mutumina, wa zai sayi wannan tarkacen?"