Ranar Da Malam Attahiru Ya Juya Eriya Arewa

Masu karatu, ban saba magana a gaban manya ba, ku yi mini uzuri in alƙalamina ya yi rawa. Abin da ya faru a unguwarmu ranar Asabar ne ya hana ni yin shiru.

Maƙwabcinmu Malam Attahiru, mai sayar da atamfa a kasuwar Illela, ya dawo daga Konni ta Nijar da kwali ɗaure a bayan babur. A ciki akwai wani baƙin akwati da bai fi faranti girma ba, da 'yan abin murɗawa guda biyu, kowanne da igiyarsa. Wai in an haɗa shi da talabijin, mutum biyu za su zauna su buga ƙwallo a cikin gilashi. Takardar bayanin da Faransanci aka rubuta ta, shi kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa da sunayen atamfa ba. Duk da haka, tun bai kwance kwalin ba ya tsaya a majalisar ƙofar gidansa ya yi alkawari: yau ɗin nan kowa zai gani da idonsa.

To, alkawari a bakin Malam Attahiru ba ƙaramin abu ba ne, don sana'arsa ta biyu ita ce bin diddigin alkawuran manya. Ya haddace ranar da Ranka-ya-daɗe Uban Haske ya zo da makaɗa ya ƙaddamar da turakun lantarkin bakin hanya, aka yanka ƙyalle, aka sha lemo, aka ce waya tana hanya. Shekara uku ke nan. Ba mu ce bawan Allah bai yi komai ba, awakinmu sun sami wurin ɗauri mai kyau. Tun daga lokacin, duk wanda ya yi magana bai cika ba a unguwar, Malam Attahiru sai ya cire hula ya rusuna ya kira shi Honorabul. Sunan in ya kama mutum ba ya saki. Akwai telan da ya jinkirta ɗinkin Sallah sau ɗaya, har yau 'ya'yan Honorabul ake ce wa 'ya'yansa. Yau ga mai raɗa sunan ya ɗaure kansa da bakinsa, sai majalisa ta gyara zama.

Talabijin ɗinsa da batirin mota yake aiki, kamar na kowa. Nasa batirin kuma yana Konni wurin caji, tunda can wuta take. Sai ya ari na motar Dabo direba. Dabo ya bayar da sharaɗi: kwana biyu ya yi a layin mai kafin ya sami rabin tanki, ga albasa an riga an loda, ana idar da la'asar zai kama hanyar Sakkwato.

Aka fito da talabijin zaure. Malam Attahiru ya jera wa akwatin baturan tocila shida, ya ɗora shi bisa talabijin, ya yi bisimilla. Saura wata doguwar igiya mai kan ƙarfe. Ya juya ta, ya yi nazari irin na masu hankali: duk abin da ke fitowa a gilashin nan daga sama yake saukowa, ta eriya. Sai ya ɗaure igiyar a jikin wayar eriya da ƙyallen atamfa, ya ƙulle tam, ya kunna. Wani babba ne ya bayyana a gilashin yana aza harsashin ginin da na san tun ina aji uku ake aza shi.

Dabo ya ce, "Ai dole. Abun da anka sawo Konni, ƙaƙa za shi zo ta Sakkwato?"

Kowa ya gyaɗa kai. Wanda bai san garinmu ba zai yi dariya, amma mu haka muka taso. Kowane gida eriyarsa tana kan doguwar gora: ka juya kudu ka kamo Sakkwato, ka juya arewa ka kamo Nijar. Ƙanƙara daga arewa take zuwa mana, da dogon burodi, da cajin batir. Daga kudu kuwa jawabi.

Malam Attahiru ya tuɓe babbar riga ya fita rana, ya rungume gora yana murzawa yana tambaya ko ya zo. Daga zaure a ce kokawa ce ake yi. Ya ƙara murzawa, a ce yayyafi. Wani dattijo ya ce wataƙila lokacin ƙwallon ne bai yi ba. Wani ya ce a'a, ƙila an tsare shi a shingen kan iyaka, ba shi da takarda. Gumi ya jiƙa masa taguwa, gora ta goge masa tafin hannu. Can ya ji wani ya yi tari a zaure, tarin kuma sai da ya yi kama da farkon sunan nan na Honorabul. Daidai nan aka kira la'asar.

Allah ya yafe masa, sallar nan da rabin zuciya ya yi ta. Ana sallamewa ya riga kowa fita. Yana isa ƙofar gida ya ji wani ƙit, ƙit, ƙit daga zaure. Matarsa Baraka ce, ta ga maza sun watse ta fito ganin abin da ya hana mijinta cin tuwo. Tana zaune da abin murɗawa a hannu, ga farin ɗigo yana kai da komo tsakanin 'yan sanduna biyu.

Ta ce, "Malam, mi kaka nema bisa gora? Bayan talabijin rami guda na, kan igiyag ga kuma daidai da shi. Na cire ta eriya na sa wagga, na yi ta murɗa tasha har ya hito."

Ya tambaye ta to daga wane gari ake watso shi. Ta ce ba daga ko'ina ba, a cikin akwatin yake, ba ya jiran kowa.

Malam Attahiru ya roƙe ta don Allah ta shiga ciki, maganar kuma ta tsaya tsakaninsu. Ya mayar da babbar riga, ya lulluɓe talabijin da sabon turmin atamfa. Da majalisa ta hallara ya yi gyaran murya, ya yi ɗan jawabi kan wahalar da ya sha saboda jama'a, sannan ya yaye atamfar. Aka yi kabbara. Mai tarin nan ma ya miƙa masa hannu.

Dabo ya ce bari ya taɓa sau ɗaya kafin ya tafi. Aka ci shi. Ya ce abin murɗawarsa ne ya cije, a sake. Aka sake cin sa. Albasa tana waje tana shan rana, dattawa masu furfura suna ihun a tare ta sama. Ba wanda ya lura hoton yana tsukewa, sai da ya koma kamar ƙwayar gero ya ɓace.

Aka mayar da batir mota, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Majalisa duka ta tura, kaya ya yi nauyi, tayoyi suka nutse cikin rairayi. Dabo ya sauko ya zuba wa Malam Attahiru ido.

Malam Attahiru ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kwantar da hankalinka, Dabo. Batirina yana hanya."

Daga bayan ƙofar cikin gida sai muryar Baraka, a hankali, cike da ladabi: "Allah shi ja zamanin Honorabul."

Ni dai roƙona ga masu karatu, kada labarin akwatin nan ya kai kunnen manya. In suka ji akwai abin da ke aiki a Illela ba tare da ya jira su ba, da makaɗa za su zo ƙaddamar da shi.