Naman Gwangwani

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, maƙwabcina a Tudun Wada, kukun wani Bature, ya kawo mini burodi da jan nama a tsakiya. Na gyara zama gaban abokaina, na ce, "Cimar Turawa ai mun saba." Alhali ban taɓa ganinta ba. Na cinye tas.

Sai abokina Iro ya ce, "Malam, ka tabbata ba alade ba ne?"

Na ruga gidan kukun ko takalmi babu. Ya ɗauko gwangwanin naman, sai ga hoton bijimi da ƙahonsa. Har sumbatar gwangwanin na yi.

Har yau, ko tuwo aka ajiye mini, sai wani ya ce, "Malam, a kawo gwangwanin ka duba?"