Manajan Da Ya Zama Hawan Ƙarshe

Birnin nan bai taɓa yin mutum kamar manajan Dogon Gini ba. Ma'aikata na kiransa Ƙololuwa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ba shi ya zana ginin ba, bai ɗora ko bulo ɗaya ba, amma in yana zagayawa da baƙi sai ya shafa ginshiƙi ya ce, "Nan muka sha wahala." An zuba ginshiƙin yana goye a bayan uwarsa.

Ginin ya fi kowane gini tsawo a birnin, kuma da wannan tsawon Ƙololuwa ke numfashi. Lif mai hawa da mutane sama ya daɗe da mutuwa, rufi na yoyo, bai taɓa ɗaga kai ba.

Kwatsam aka soma wani gini a tsallaken titi. Kullum safiya ya leƙa taga, sai ya tarar ya ƙara tsawo. Ya sa aka hau da tankin ruwa saman rufi. Aka ɗora teburin taro a kan tanki, aka ɗaure tsani a kan tebur. Ranar da masu awon tsayin gine-gine suka zo, sabon ginin ya ɗara nasa da tsayin mutum guda.

Ƙololuwa ya gyara hula, ya hau tsanin da kansa.

"Ku auna da ni!" ya yi tsawa. "Ni da ginin nan abu ɗaya ne!"

Masu awo suka yi shawara, suka yarda. Sai dai a ƙa'idarsu, abin da ake aunawa dole ya zama kafaffe. Duk ranar da ya sauko, kambun tsawo zai koma tsallake.

Matarsa ta hawo bene tana haki. "Baban yara, sauko mu tafi gida, ana yi mana dariya."

"Ki yi magana a hankali, kina girgiza tarihi."

Ta aiko masa da bargo a igiya.

Tun daga ranar aka gyara lif, aka toshe yoyo, ma'aikata suka yi ƙiba. Mai zagayawa da baƙi yanzu yakan ce an yi ginin da kankare, ƙarfe, gilashi da manaja.

Ya riƙe kambun har lokacin da tattabaru suka gama sheƙa a hularsa. Masu awo suka dawo, suka gano ko sheƙar kaɗai aka ɗora a tsanin ma ta isa, in an ƙara sanda. Kwamitin gini ya zauna a kai. Aka ce a bar shi, ya fi sanda amfani a can.