Rasuwar Kofur, Injin Yankan Ƙarfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, shagon walda na uku daga bakin kwalbati, shagon da ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa salwanta a cikinsa saboda sakaci ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar injin yankan ƙarfensa, wanda aka fi sani da Kofur. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, bayan shekara goma sha ɗaya yana hidima.

Mai shagon, wanda duk layin ke kira Soja, shi ya raɗa wa marigayin wannan suna, don kada igiyar muƙamin kofur da bai samu ya ɗaura ba ta bi ruwa. Tsofaffin layin za su tuna cewa Soja ya yi mako bakwai a sansanin horar da kurata, kafin gwiwarsa ta hagu ta yi murabus a tsakiyar tsallen kwaɗo. Ya dawo gida da askin ƙwaryar molo, da sanda, da darasi guda da wani saje mai jan ido ya dasa masa: "Kurtu! Bindigar da ba a sa wa mai gawa ce, mai ita ma gawa ne!" Maiɗakinsa ce ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo injin. Ta ajiye shi a gabansa ta ce, "Tunda su sun ce ba sa so, mu muna so. Ga wannan, ka riƙa harbi da shi."

Marigayin ya kasance mai sammako, mai biyayya, bai taɓa neman hutu ba. Rodi da fayif duk ɗaya ne a wurinsa. In ya buɗe murya da "wiiiiii", ya sauke ta a kan ƙarfe da "tsarrrr", mai faci na maƙwabtaka yakan daina gulma sai ya gama. Ya ƙona wa uban gidansa wando huɗu da tartsatsi, kuma an yafe masa tun yana raye.

Babu wanda zai ce ba a kula da shi ba. Kowace Asabar akwai faretin duba makami. Soja yakan shimfiɗa tamfol, ya ɗaure idonsa da ƙyalle kamar yadda aka fara koya masa a sansani, ya kwance marigayin ya sake ɗaurawa, mai faci na riƙe da agogo. Makon da ake koyar da ɗaurawar, lokacin Soja ya riga ya dawo gida, don haka akan samu noti ɗaya ya yi saura. Sai a jefa shi a gwangwani. Daga nan sai mai: a gaɓoɓi, a maƙogwaro, har cikin 'yan ramukan da injin ke shan iska. Mai gyaran injuna na tsallaken titi ya sha leƙowa yana cewa, "Soja, wannan fa ba bindiga ba ce. Mai da ƙurar ƙarfe in sun haɗu laka suke zama." Soja kan bi shi da kallon da ya tanadar wa farar hula, alhali shi ma tasa hular ta daɗe da yin fari.

Jinyar ta fara da tari, "kyar-kyar-kyar", sai zazzaɓi. Soja ya ninka man. Ranar Talata, ana tsakiyar yankan rodin wani ƙyauren gida da aka yi alkawarin kaiwa ƙarshen mako, marigayin ya ce "gurrr", ya ce "tak", ya fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Bai sake cewa komai ba.

Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya riƙa kwaso baƙin kwaɓi da cokali. Soja ya tambaya a hankali, "To, malam, me ya kashe shi?"

"Kulawa," in ji mai gyara.

Ya rasu ya bar noti ashirin da uku a gwangwani, da rabin galan na baƙin mai, da faifan yanka biyu da ba su san daɗin aiki ba, da ƙyaure mai ɓari ɗaya. Ya bar yayansa, tsohon zarton hannu, wanda aka kira daga ritaya. Ya kuma bar baki biyar a gidan Soja, waɗanda tukunyarsu ba ta hawa wuta sai shi ya yi kuka.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da yamma a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora shi a sikeli, a nan ne kowa zai san nauyin aikinsa. Zaman makoki a shago ne. Masu zuwa gaisuwa su taho da ƙwanjinsu, akwai rodi arba'in da ke jiran zarton hannu. Ba a karɓar gudummawar mai.

Iyalan suna roƙon kada a tambayi ina aka nufa da keken ɗinkin da aka gani yau da safe a cikin baro, an lulluɓe shi da zanin gado. Shi ne na biyu, wanda maiɗakin Soja ta yi shekara shida kafin ta saya a madadin wanda ta sayar. Da kanta ta raka baron. A hanya ta tsaya a shagon mai gyara, ta miƙa masa galan ɗin nan, ta ce ya ajiye shi a inda hannun Soja ba zai kai ba.